Batir na mutuwa, inji na shaƙewa: nazarin wata Corolla 2006 bayan an sa mata allo, wufa da matatar iska ta gayu

## Motar kafin a taɓa ta

Toyota Corolla ce ƙirar 2006, irin ta kasuwar Amurka, 'yar Kwatano, mai giyar otomatik da injin 1ZZ-FE, lita 1.8, ƙarfin doki 126. Mai ita ma'aikaci ne a Kano. Tuƙinsa a rana bai wuce awa ɗaya da rabi ba, yawanci cikin cunkoso, ranar Lahadi kuma galibi ba ta fita. Batirinta amp 62 ne, ya ɗan haura shekara, altanetonta kuma na asali ne mai amp 80. Tana tashi da bugu ɗaya, silo ɗinta lafiya, babu fitilar gargaɗi a dashbod.

A ƙarshen Oktoba rediyonta ta ɗauke farat ɗaya ana cikin tafiya. A ranar ne kuma agogon dashbod ya daina nuna lokaci, ramin caja ya daina cajin waya. Mai motar ya ɗauki ukun a matsayin tsufa. Da yake dama yana son rediyo mai allo, sai ya yanke shawarar ya yi komai lokaci guda.

## Makon farko na Nuwamba: aiki biyu a rana ɗaya

Mai haɗa kiɗa ya cire rediyon asali yadda ya kamata. A wannan ƙirar ana fara ɓalle murfin robar da ke zagaye da giya, a zare maɓallin tsakiya na fankar esi, a kwance sukurun da ke ɓoye a bayansa, a janyo fuskar esi waje. A ƙarƙashin rediyo akwai noti huɗu masu lamba 10. Idan suka fita, rediyon na fitowa haɗe da tagogin iska na sama. Wanda bai san da sukurun nan na bayan maɓalli ba shi ke fasa fuskar esi da sukudireba.

Daga nan aikin ya kauce. Toyota na zuwa da soket biyu a bayan rediyo, mai rami 10 da mai rami 6, kuma akwai mahaɗin da ake sayarwa wanda ke shiga su ba tare da an yanke komai ba. Ba a saya ba, sai aka yanke soket ɗin da filaya, aka murɗa wayoyi da hannu aka naɗe da salatif. Aka sa allon Android mai inci 9, amfilifaya ɗaya a but, da wufa, wato babbar sifikar da ke fitar da dukan kiɗa mai kauri, mai inci 12. Wayar wutar amfilifaya mai kaurin geji 8 ce, an ja ta daga kan batir har but babu fis a hanya. Da zai miƙa makulli, mai aikin ya ce: "Alhaji, irin wannan allon ba ya mutuwa da makulli. In ka faka, danna nan ka kashe shi da hannu."

Da yamma motar ta biya wani gareji aka cire akwatin matatar iska gaba ɗaya, aka sa matata mai siffar mazurari, irin wadda ake shafa wa mai, a kan bututun ƙarfe mai faɗin inci 3. Sensar auna iska, wato MAF, wadda makanikai ke kira iyafulo, a kan murfin akwatin asali take zaune, don haka aka mayar da ita kan sabon bututun. Inji ya ƙara gurnani idan an taka totur, mai motar ya tafi da yaƙinin ta ƙara gudu.

## Nuwamba, mako na 1 zuwa na 3: batir, sannan altaneto

Safiya ta huɗu kik ya yi ƙas-ƙas, motar ta ƙi tashi. Aka jona ta da batirin maƙwabci. Bayan kwana biyu ta sake. Mai sayar da batir ya ce na amp 62 ba zai ɗauki wufa ba, aka sayi sabo mai amp 75, tsohon aka ba da shi a kuɗin bola.

Sabon ya yi kwana 9. An faka motar da yammacin Asabar, da safiyar Litinin ko fitilar rufi ba ta kama ba. A gareji aka gwada altaneto ta hanyar da aka saba gani, wato zare kan batir alhali inji na aiki. Injin ya yi tangal-tangal, aka yanke hukunci cewa altaneto ya gaji, aka sa na Baljiyam. Wannan gwaji ba ya nuna yawan wutar da altaneto ke bayarwa, kuma yana da haɗari na gaske: batir shi ke shanye tsallen wuta, idan aka zare shi inji na aiki wutar na iya haurawa nesa da volt 14 cikin ƙiftawar ido, ta bi ta kwamfutar inji da duk abin da ke jone. A nan an yi sa'a babu abin da ya ƙone. Ba a ɗora mita a kan tsohon altaneton ba kafin a cire shi.

An kuma kawo shawarar a sa kafasita mai farad 1 don ta taimaka wa batir. Ba a saya ba. A volt 12, abin da irin wannan kafasita ke riƙewa bai kai amp-awa 0.004 ba, aikinta rage kyaftawar fitilu idan wufa ya buga, ba ta da alaƙa da motar da ke kwana tana zubar da wuta.

Kwana 5 bayan canza altaneto, motar ta sake kwana ba ta tashi ba.

## Ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba: cire kan batir kowane dare

Mai motar ya koma zare negatib duk dare, ya mayar da safe. Batir ya daina mutuwa, amma wata matsalar ta fito fili. Da safe silo na hawa yana sauka, motar na jinkiri idan an taka, kuma idan za a wuce wata mota a titi sai ta shaƙe na ɗan lokaci kafin ta amsa, wani lokaci da ƙarar ƙyal-ƙyal daga inji. Bayan tafiyar minti 20 sai ta ɗan daidaita, washegari a koma gidan jiya.

Fitilar gargaɗin inji ba ta kama ba ko sau ɗaya a wannan lokacin, don haka ba wanda ya ɗauko na'urar karanta kwamfuta. An canza filogi huɗu, an wanke nozul, an fara maganar famfon mai. Hunturu kuma ya shigo sosai, ƙura ko'ina. Saboda yawan cirewa da mayarwa, bakin kan batir ya saki har sai an cusa masa guntun waya kafin ya kama.

## Mako na 3 na Disamba: aka ɗora mita

Motar ta je wurin mai wayarin da ya fara da awo kafin ya kwance komai. Batir a kwance ya nuna volt 12.1, wato ƙasa da rabin caji, tunda cikakke 12.6 yake nunawa, 12.2 kuma kusan rabi. Inji na silo ya nuna 14.1, da aka kunna fitilu, fanka da kiɗa ya sauka 13.7. Caji lafiya lau. Tsohon altaneton da ke but aka gwada shi a benci daga baya, shi ma ya ba da sama da 14.

Sai gwajin wutar da ke zuba idan mota na kashe. Yadda ake yinsa: a cire makulli, a rufe ƙofofi da but, a zare negatib, a juya mita zuwa amp 10 tare da mayar da jar wayarta ramin amp 10, a haɗa baki ɗaya a sandar batir ɗayan a wayar da aka zare, yadda duk wutar za ta bi ta cikin mita. A jira minti 20 zuwa 30 kwamfutocin motar su yi barci. Kada a kuskura a buga kik a haka, fis ɗin mita zai ƙone nan take. Lafiyayyar mota irin wannan ba ta wuce miliamp 50.

Mita ta tsaya a amp 1.38.

Lissafin ya bayyana duk abin da ya faru a Nuwamba. Motar na tsaye fiye da awa 22 a rana, wato tana asarar kusan amp-awa 31 kullum, tuƙin awa ɗaya da rabi cikin cunkoso da esi da kiɗa kuma ba ya mayar da wannan duka. Daga yammacin Asabar zuwa safiyar Litinin kimanin awa 36 ne, amp-awa 50 ke nan, a kan batirin da dama bai cika ba.

Aka shiga zare fis ɗaya bayan ɗaya ana kallon mita. Da aka zare DOME mai amp 15 a akwatin fis na cikin bonet, awon ya faɗi zuwa 0.02. Wannan fis shi ke ba rediyo wutar dindindin da take riƙe tashoshi da ita, haɗe da agogo da fitilun ciki. Aka mayar da shi, aka buɗe but, sai ga ƙaramar fitilar amfilifaya tana ci shuɗi, alhali makulli na aljihun mai mota. Jikinta da ɗumi. Da aka zare siririyar wayar da ke kunna ta, wadda aka rubuta REM a gefen ramin, awon ya sauka 0.63. Ke nan amfilifaya na cin kusan 0.75 tana zaune ba kiɗa, allon kuma kusan 0.60, domin maɓallin da aka ce a riƙa dannawa hasken fuska kawai yake kashewa, cikinsa na nan yana aiki.

Akwai abin lura a nan ga mai bin fis. Wutar amfilifaya ba ta bi ta DOME, tana da wayarta kai tsaye daga batir. Zare DOME ya kashe ta ne kawai domin siginar kunnawarta daga can take. Wanda ya tsaya a fis zai ɗora laifin duka a kan allo.

## Abin da aka tarar a bayan allo

Rediyon kasuwa na da wayoyin wuta uku: rawaya ta wutar dindindin, ja ta wutar makulli, baƙa ta at, wato wadda ke komawa jikin ƙarfen mota. Mai shuɗi da ratsin fari ita ke kunna amfilifaya, kodayake wasu allunan Android na canza launi, don haka a karanta rubutun da ke jikin wayar. A ɓangaren Toyota launukan daban suke: shuɗi mai ratsin rawaya ita ce dindindin, toka-toka ita ce ta makulli, ruwan ƙasa ita ce at. Ja da rawaya na Toyota wayoyin sifikun baya ne, shi ya sa haɗa launi da launi a wannan motar ke ƙona rediyo.

Da aka warware salatif, rawaya da ja na allon da wayar REM duka uku an murɗe su a kan shuɗi mai ratsin rawaya. Toka-tokar tana gefe a naɗe. Aka kunna makulli aka auna ta: sifili. A nan aka gane dalilin haɗin. Mai haɗa kiɗa ya nemi wutar makulli bai samu ba, sai ya ɗauki wadda ke da rai.

Wutar makulli ta rediyo a wannan ƙirar tana fitowa daga fis ɗin CIG mai amp 15, a akwatin fis na ƙarƙashin dashbod ɓangaren direba, kuma shi ne ke ciyar da ramin caja da hasken agogo. A ƙone yake. Aka sa sabo, ya ƙone da kunna makulli. Da aka haska ramin caja da tocila, sai ga ƙaramin kan ƙarfe na wata cajar waya da ya ɓalle ya maƙale a gindin ramin, ya haɗa tsakiya da bango. Aka zaro shi da siririyar filaya, aka sa fis na biyu, agogo ya haska. Don tabbatarwa aka ɗauko rediyon asali daga gida aka jona mata wuta da sifika ɗaya, ta kama tasha.

Gyaran ya ɗauki rabin yini. An mayar da ja kan toka-toka, REM kan wayarta ta allo, an liƙe kowane haɗi da dalma aka rufe da robar da ke tsukewa da zafi. An sa fis mai amp 40 a wayar amfilifaya, ƙasa da santimita 45 daga kan batir. Wayar ta ratsa bangon da ke tsakanin inji da ɗaki ta wani rami mara roba, har rigarta ta fara cinyewa, aka sa mata zoben roba. At ɗin amfilifaya a kan fenti aka ɗaure shi da farko, abin da ke sa wani siririn kuka a sifiku da ke hawa da totur. Aka kankare fenti har ƙarfe ya fito, aka ɗaure da noti da washa, kukan ya tafi. An canza bakin kan batir, an yi wa batirin cajin hankali a amp 7 dare guda. Awon zuba bayan minti 30: amp 0.035.

## Kwana biyu bayan haka: fitilar inji

Yanzu da aka daina zare batir, a rana ta biyu fitilar gargaɗin inji ta kama. Mai motar ya dawo ransa a ɓace: "Malam, kafin ka taɓa ta babu wannan fitilar." Mai wayarin ya ce: "Alhaji, a jona na'ura mu ji ta bakin motar."

Lambar da ta fito P0171 ce, wato iska ta fi mai yawa a cakuɗin. Kwamfutar wannan injin ba ta kunna fitila kan wannan lambar sai ta ga matsalar a tafiya biyu, kuma tana dogara da gyaran mai na dogon lokaci, wato ƙari ko ragin man da take ba inji, wanda take koya a hankali tana ajiyewa. Zare batir na goge duka. Kowane dare ana share mata abin da ta koya, kowace safiya ta faro daga sifili da ƙarancin mai, shi ne shaƙewar nan ta minti 20 na farko.

Awon na'ura, inji da zafi: gyaran mai na dogon lokaci kashi +6 cikin ɗari a silo, +19 a juyin inji 2,500 a minti, +30 a kan titi ana taka ta, da ƙarin +8 na gajeren lokaci. Lafiyayyen inji na zama cikin kashi 10 sama ko ƙasa. Zafin iskar da ke shiga inji digiri 61 a cunkoso, alhali a waje 31 ne.

Injin 1ZZ-FE sananne ne da yoyon gasket ɗin manifol na shigar iska, musamman da sanyin safiya, kuma shi ma P0171 yake kawowa. Amma yoyo na nuna kansa a silo, ya ragu idan juyi ya hau, domin iskar da ke satar shiga ƙalilan ce idan aka kwatanta da wadda ke bi ta totur. A nan akasin haka ne. Duk da haka an fesa a gefen gasket da inji a sanyaye, awo bai motsa ba. Famfon mai ya ba da psi 47, cikin 44 zuwa 50 da ake buƙata. Saura sensar iska.

Sukuru biyu ke riƙe da ita. Abin da ido ke fara gani shi ne ɗan ƙwallo mai ruwan zuma a gefe, kuma shi mutane da yawa ke wankewa su mayar. Wannan na auna zafin iska ne. Masu auna yawan iskar wasu siraran wayoyi biyu ne can cikin ramin roba, sai an karkata ta zuwa haske ake ganinsu. A wannan motar sun yi gashi da ƙura da man matata. Ƙazantar na hana iska sanyaya wayar yadda ya kamata, sai sensar ta faɗi ƙasa da abin da ya shiga, kwamfuta ta rage mai. An wanke da feshin da aka yi don wannan sensar, fesawa gajeru kamar 12, ba a taɓa wayoyin da komai ba, aka bari minti 15 ta bushe. Fetur, feshin kafireto da iskar kwamfaresa duk suna lalata ta. Da aka shafa yatsa a cikin bututun bayan matatar, ya fito da jar ƙura.

Bayan wanki awon kan titi ya sauka zuwa +17. Ya ragu, bai warke ba. Sauran daga bututun ne: sensar ɗan yanki take auna na iskar da ke wucewa, kwamfuta kuma ta lissafa sauran bisa faɗin bakin akwatin asali. Ƙarin kashi 10 a faɗin bututu na ƙara kashi 21 a filin da iska ke bi, don haka ko sabuwar sensa aka sa a bututu mafi faɗi, ƙasa za ta faɗa.

Akwatin asali an riga an jefar, aka samo wani a Ƙofar Ruwa haɗe da bututunsa na roba da na jawo iska daga waje. Aka sa matatar takarda, aka wanke bakin totur, aka goge lambar.

## Janairu: sakamako

Bayan mako 3 ana tuƙi, gyaran mai ya zauna tsakanin +2 da +4 a kowane juyi. Zafin iskar shiga a cunkoso iri ɗaya digiri 42. Shaƙewa da ƙyal-ƙyal sun tafi, fitila ba ta dawo ba. An bar motar kwana 4 ba a tayar ba, ta nuna volt 12.4 ta tashi da bugu ɗaya.

## Hukunci

Duk abin da ya biyo baya a ɓangaren wuta daga fis ɗaya mai amp 15 ya taso. Rediyo, agogo da ramin caja da suka mutu rana ɗaya suna nuna layi ɗaya, kuma jadawalin fis na littafin motar ya faɗi wanne. Sa allo ba laifi ba ne. Laifin shi ne samun wayar makulli a mace a tsallake ta maimakon a bi ta. Rediyon da ba ta mutuwa da makulli aiki ne da ba a gama ba, kada a karɓe shi. Wayar geji 8 da ta ratsa ƙarfe babu fis kuwa ita ce mafi haɗari a duk abin da aka tarar, domin gobara take kawowa, ko da yake ba ita ta kawo motar gareji ba.

Batir ɗaya, altaneto ɗaya, filogi huɗu da wankin nozul duk an biya su ba tare da awo ko ɗaya ya nuna su ba. Gwajin da ya warware matsalar batir bai kai awa ɗaya ba da mita ta hannu.

Matatar mazurari ba ta ƙara wa wannan motar komai ba sai ƙara. Iska na rasa kusan kashi 1 na nauyinta a duk ƙarin digiri 3, don haka tazarar digiri 19 tsakanin 61 da 42 asarar kusan kashi 6 ce, ga kwamfuta na ja da lokacin wuta baya duk sanda ta ji ƙyal-ƙyal. A garin da ke shan ƙurar hunturu wata uku zuwa huɗu, matatar takarda a akwatinta ta fi kare inji. Mai neman wannan injin ya amsa da kyau ya fara da filogin iridiyam na asali, Denso SK16R11, sensar iska mai tsabta, baƙin mai 5W-30 a kan kari, da iskar taya daidai da abin da aka rubuta wa motar.

Batirin amp 75 bai fita lafiya ba. Ya faɗi warwas aƙalla sau biyu, kuma batirin mota ba ya dawowa daidai bayan haka. Ko an cika shi, a 12.5 yake tsayawa, yana sauka zuwa 10.1 lokacin buga kik, iyakar da ake yarda da ita kuma 9.6 ce. An shawarci mai motar ya sake auna shi kafin zafin Afrilu.